Daga tashar Alba zuwa gonar inabi: yadda na bi takarduna har kwanakina suka fito

Ranar da na sauka a tashar jirgin ƙasa ta garin Alba, a Italiya, ƙarshen watan Agusta na 2022, abin da ke hannuna bai wuce jakar goyo ba, da takardar izinin zama mai sauran wata 10, da lambar wayar wani mutum da aka ce shi ke ba da aikin tsinkar inabi. Gidan abincin da nake wanke-wanke a Torino ya rufe tun farkon shekarar, ɗan abin da na tara kuma ya kusa ƙarewa. Ni mutumin Wusasa ne ta Zariya, Kirista ne, kuma da dalili na faɗi haka tun da wuri. Inabin da ake nomawa a tuddan Lange, a jihar Piyemonte ta arewacin Italiya, ba na ci ba ne, giya ake yi da shi. Yawancin 'yan'uwan da ke kira na suna tambayar hanyar aikin nan Musulmi ne, kuma dillalan aiki ba sa gaya musu wannan. Su dai cewa suke yi “aikin 'ya'yan itace ne”.

Mutumin ya same ni a bakin tashar da yamma. Bai tambaye ni ko na taɓa riƙe almakashin gona ba. Ya ɗauki hoton izinin zamana da na lambar harajina, wadda suke kira kodice fiskale, ya shimfiɗa wata takarda a kan bonet ɗin motarsa ya ce in sa hannu. Na sa. Na ce ya ba ni kwafi, ya ce gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba. Ya ce kamfaninsu koferatiba ne, wato irin ƙungiyoyin da masu gonaki ke bai wa kwangilar aiki su kuma su kawo lebura. Yuro 6 a awa, za a cire Yuro 5 kullum kuɗin mota. Ya kai ni wani ɗaki da muke kwana mu 8, kuma a lokacin gani nake na yi sa'a, don akwai waɗanda ke kwana a bakin kogin Tanaro a ƙarƙashin leda. A ɗakin nan na haɗu da wani ɗan Damagaram, mutum mai natsuwa, wanda ya girme ni da 'yan shekaru. Hausa ta haɗa mu tun daren farko, har tabarmarmu muka jera.

Kwana 19 na yi wa mutumin nan aiki. Asubar fari mota ta kwashe mu, ba mu san gonar wa za mu ba, mu yi awa 10, wani lokaci fiye. Shekarar fari ce, zafi ya yi yawa, inabi ya nuna da wuri, kowa na gaggawa. Da wata ya ƙare aka turo mini takardar albashi ta waya, busta paga suke ce mata. Kwana 6 aka rubuta. Kuɗin kwana 6 ya shiga asusuna na banki, sauran ya ƙirga mini a hannu a cikin mota. Na lissafa na ga kuɗina ya kusa cika, sai na yi shiru. Wannan shirun shi ne babban kuskuren da na yi a duk tafiyar, kuma shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, don mu ido muke sa wa kuɗin da ya shigo hannu, alhali a ƙasar nan abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

Wata Asabar na shiga ofishin ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gona, ba don ƙara ba, don in tambayi ko takardar albashin za ta yi mini amfani wajen sabunta izinin zama. Na jira kamar awa ɗaya. Matar da ta karɓe ni ta duba takardar ta tambaye ni kwana nawa na yi. Da na ce 19, ba ta yi mamaki ba. Ta ce wannan shi suke kira aiki mai launin toka: ba baƙi ba ne tunda akwai kwantiragi, ba fari ba ne tunda kwanakin ƙarya ne. Daga bakinta na fara jin abubuwan da ya kamata in sani tun kafin in hau jirgi. Duk wanda zai ɗauke ka aiki dole ya sanar da hukuma ta intanet kafin ranar da za ka fara, takardar sanarwar sunanta Unilav, kuma kana da haƙƙin karɓar kwafi. Yinin aikin gona a yarjejeniyar ƙasa awa 6 da rabi ne, awa 39 a mako, abin da ya haura kuɗinsa daban. Tun watan Yulin 2018 doka ta hana biyan albashi hannu da hannu. Akwai kuma dokar 2016, mai lamba 199, da ke hukunta dillalin da ke cin gumin lebura da mai gonar da ya yi amfani da shi. Ta ce in ina so a bi mini kwanakina 13 za a bi, amma ina shaidata? Ba ni da sunan gona ko ɗaya, ba ni da hoto, ba ni da rubutu. Ban biya ko sisi ba a ofishin. Da na fito na shiga shago na sayi ɗan littafin rubutu na Yuro 1, kamar yadda ta ba ni shawara, kuma tun ranar ban sake kwana ba sai na rubuta kwanan wata, sunan gona, lokacin farawa da na tashi.

A makon nan ne kuma abokina ɗan Damagaram ya gano inda kwandunan da muke cikawa ke zuwa. An aike shi ya raka tarakta, ya ga ana juye su cikin injin matsewa, ya ji warin. Da daddare ya ce mini, “Ɗan'uwa, ashe giya muke yi wa hidima?” Na ce masa ƙwarai, na ɗauka ya sani. Ya kira malaminsa na gida, suka daɗe suna magana, ya dawo ya gaya mini hadisin da ya la'anci mutum 10 a kan giya, har da mai matse ta da mai ɗaukar ta. Bai zarge ni da komai ba, ni ma ban ce masa ya zauna ba. Bayan kwana 2 ya tattara ya nufi Saluzzo, inda ake tsinkar tufa da kiwi. Ba ni da ilimin yi wa kowa fatawa. Abin da ya ba ni haushi shi ne an bar mutum ya yi mako 3 cikin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba don kawai ba a gaya masa gaskiya ba. Wanda wannan ya shafa ya tambayi malaminsa tun yana gida. Lardin nan akwai aikin tufa, akwai na 'ya'yan itacen fic (peach), akwai na gyaɗar itacen nan da ake yin Nutella da ita.

Ni kuwa hanya ta buɗe mini ta wani ɗan Makedoniya da muka saba gaisawa. Mutanen ƙasarsu sun daɗe a gonakin inabin yankin. Ya ce gidan da ya shekara da shekaru yana yi wa aiki, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ake yin giyar Barolo, suna neman mutum guda don girbin inabin Nebbiolo, kuma su da kansu suke ɗauka, ba ta hannun kowa ba. Na hau bas, na ƙarasa sauran tudun da ƙafa. Gida ne na iyali: tsoho mai shekara 70 da ɗoriya, matarsa, ɗansu da ke kula da gona, da 'yarsu da ke riƙe da ofis. 'Yar ce ta zauna da ni. Ba hoto ta ɗauka a tsaye ba. Ta karɓi fasfo, izinin zama, lambar haraji da lambar asusun banki, ta duba ranar ƙarewar izinin sau 2, ta ce in dawo jibi. Na ce ai ko yau a shirye nake. Ta ce a'a, ba mai taka musu gona sai sanarwa ta tafi. Jibin ta miƙo mini kwafin Unilav da kwantiragi na wa'adi, ta karanta mini shi layi-layi da Italiyanci a hankali. Aka tura ni wurin likitan ma'aikata, ya auna numfashi, ya duba baya da gwiwa, ya tambayi allurar tetanus, wadda wajibi ce ga mai aikin gona. Ba ni da katin shaidar allurar, sai da na je asibitin unguwa aka yi mini. Kuɗin likita su suka biya, haka na 'yan awoyin horon kiyaye haɗari, haka takalmi da safar hannu.

A nan na fara fahimtar abin da nake tsinka. A wurin dillali inabi inabi ne, cika kwando kawai. A gidan nan gona 3 gare su a tudu 3, kuma ba a taɓa haɗa kwandon wata da na wata. Kowane kwando, mai cin kilo 20 ko kusa da haka, da alamar alli a jikinsa. Ranar farko na ɗora kwando 2 a layin da ba nasu ba. Tsohon, wanda nake kira Baba a raina tun kafin in fara kiransa haka a fili, bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni bakin kunya, ya debi ƙasa ya murje: fara-fara ce mai laka. Ya ce ta wancan tudun ta fi yashi. Ya ce ruwan inabin wannan tauri gare shi, sai ya shekara 10 kafin ya sake, na wancan kuwa ƙamshi ne ya fi yawa kuma yana saurin laushi. In aka gauraya su an ɓatar da sunan duka biyun. Wanda ya tashi a gidan noma ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mu ma mun san dawar fadama daban take da ta jigawa, ko da iri ɗaya aka shuka.

Bambancin shi ne su sun mai da abin doka. Barolo ba a yin sa sai a ƙauyuka 11, irin su La Morra, Serralunga, Monforte, Kastiliyone Falletto da shi kansa Barolo, kuma da inabin Nebbiolo zalla. Tun 1980 yake cikin ajin da ya fi kowane tsauri a dokokin ruwan inabin Italiya. A 2010 aka zana iyakar kowane yanki mai suna aka yi masa rajista, shi ya sa za ka ga an rubuta Cannubi ko Brunate ko Bussia a jikin kwalba. Hekta ɗaya ba za ta ba da fiye da tan 8 ba, in kuma sunan takamaimiyar gona za ka rubuta, abin ya ƙara raguwa. Tsofaffinsu tun kafin taswira suna da hanyar gane gona mai kyau: su duba gangaren da ƙanƙara ta fara narkewa a kai, mai kallon kudu, su ce masa sori. Nebbiolo shi ke fara toho, shi ke ƙarshen nuna. Ana gama tsinkar inabin Dolcetto, a gama na Barbera, sannan a zo kansa a watan Oktoba, lokacin da hazo ke cika kwari da safe har ka ga kawunan tuddai kamar tsibirai. Da yawa sun ce daga hazon nan, nebbia, ya samo sunansa.

Da aka gama tsinka sai ɗan ya tambaye ni ko zan tsaya in taimaka a ɗakin ƙasa, kantina. Ya tambaya ne da gaske, ya ce ya san akwai waɗanda addininsu bai bar su ba. Na ce zan tsaya. Abu na farko da aka koya mini ba yadda ake yin giya ba ne, yadda ake mutuwa a wurin ne. Inabi in yana tafasa yana fitar da iska mara launi mara wari, mai nauyi, tana kwanciya a ƙasa da cikin tanki. Ba a leƙa kai cikin tanki, ba a shiga sai an hura masa iska, kuma ba a taɓa shiga ba tare da wani na tsaye a waje ba. Baba ya maimaita mini wannan ya fi sau 10. Bayan haka sai aikin. Inji ya cire karan, ya fasa 'ya'yan, a tura su tankin siminti da ɓawonsu da ƙwallonsu. Ba sa zuba yis na saye, suna barin na jikin inabin ya tashi da kansa. Bayan 'yan kwanaki tankin ya fara huci, ɓawon ya taso sama ya yi tauri kamar faifai. Aikina safe da yamma in jawo ruwan daga ƙasa da famfo in watsa a kan ɓawon don kada ya bushe ya yi tsami. Da tafasa ta lafa sai a danne ɓawon da katakai ya nutse cikin ruwan, a bar shi ya jiƙa. Na gonar farar laka ya kwana 40 a haka. Daga nan a tace, a matse ɓawon a hankali, a kai ruwan manyan gangunan itacen oak na Slavoniya, waɗanda wasu ke cin lita 2,500 wasu 5,000, sun girme ni a shekaru.

Baba yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan gangunan nan. A shekarun 1980 da 1990 rigima ta raba yankin gida biyu. Matasa da dama suka koma jiƙa ɓawo na 'yan kwanaki kawai, suna zuba ruwan a ƙananan gangunan Faransa masu lita 225, sababbi fil, don a samu giya mai duhu mai saurin laushi wadda kasuwar waje ke so. Shi ya ƙi. Ya ce sabuwar ƙaramar ganga tana sa wa giya ɗanɗanon itace, to in duk gonakinsa 3 za su fito da ɗanɗanon itace ɗaya, me ya sa yake wahalar raba kwanduna? Ni ba mashayi ba ne, ɗan kurɓin da ake ba ni don in gane bambanci ne iyakata, amma hujjarsa ta shige ni. Doka ta ce Barolo sai ya yi wata 38 kafin a sayar, a ƙirga daga 1 ga Nuwamban shekarar girbi, 18 daga ciki a cikin itace. Wanda ake kira Riserva wata 62. Wato mutanen nan suna biyan lebura yau a kan abin da ba za su ga kuɗinsa ba sai bayan shekara 3 da wani abu, kuma duk da haka kwanakina cif suke fitowa a takarda. Na kan tuna wannan duk lokacin da wani ya ce mini sata ce kaɗai ke riƙe noma.

Kwantiragin ya ƙare a Nuwamba, aka sake mini wani a Janairun 2023 don askin kuringa, wato itacen inabi. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane wuya, ba don nauyi ba, don sanyi da tunani. Kowace kuringa reshe guda ake bar mata mai idanu ƙidayayyu, da ɗan guntu na baɗi, sauran a yanke. In ka yi kuskure ka ɓata shekara 2. Wata guda cur ba a ba ni almakashi ba, jan yankakkun rassa kawai nake daga waya. A lokacin suka ba ni hayar ɗaki a saman tsohon rumbunsu, sai wani layin takardu ya buɗe. Duk wanda ya saukar da baƙo ɗan ƙasar waje dole ya sanar da hukuma cikin awa 48, 'yar ta yi wannan washegari. Ni kuma na je ofishin ƙaramar hukuma na nemi a mai da rajistar zamana daga Torino, da fasfo, izinin zama da takardar haya. Kyauta ne. Aka ce ɗan sandan gari zai zo ya tabbatar ina kwana a wurin, cikin kwana 45. Na liƙa sunana a akwatin wasiƙa, don an gargaɗe ni cewa in ya zo bai ga suna ba yana iya rubuta ba a same ni ba. Ya zo a mako na 3, ina gona, matar Baba ta kira ni na sauko da gudu. Da takardar ta fito na je ofishin lafiya na zaɓi likita na kusa.

Izinin zamana zai ƙare a Yuni, na fara shiri a Afrilu, don ana so a nema kwana 60 kafin ƙarewa. Na koma ofishin taimakon ma'aikata, fatronato, suka cika mini fom ɗin a kwamfuta kyauta suka ba ni ambulan. Ciki aka sa kwafin fasfo, kwafin izinin, Unilav, takardun albashi na watannin baya, takardar kuɗin shiga ta shekara da kowane mai aiki ke bayarwa, da shaidar wurin zama. A nan kwanakina 13 da aka cinye suka dawo mini. Ana duba ko abin da kake samu ya kai ma'aunin da ake bi, wanda a 2023 ya kai wajen Yuro 6,500 a shekara, kuma takardun 2022 nawa sun yi sirara. Ma'aikacin ya ce kwantiragin da nake kai da albashin watannin nan su za su tsaya mini, amma ya nuna mini a fili cewa kuɗin da aka ƙirga mini a mota babu inda ya bayyana. Na sayi kan sarki na Yuro 16 a shagon taba. A gidan waya, ba kowane ba, sai mai tagar Sportello Amico, na biya Yuro 70.46, wato 30.46 na katin da 40 na izinin da bai wuce shekara ba, da Yuro 30 na aikawa. Jimla Yuro 116.46. Zuwana na farko na liƙe ambulan tun daga gida, ashe a buɗe ake kai shi don ma'aikacin ya duba ka sa hannu a gabansa. Sai da na koma aka sake mini wani, yini guda ya tafi.

A tagar aka ba ni rasit da takardar ranar zuwa ofishin shige da fice na 'yan sanda, kwestura. Ranar ta faɗo bayan wata 4. Rasit ɗin nan shi ne ranka a tsakanin: da shi da tsohon katin kana da damar ci gaba da aiki, ko da katin ya ƙare. Na yi masa kwafi 3, na sa na ainihin a leda. Duk da na san haka, daga ranar da katin ya mutu barcina ya ragu. Ina cikin gona muna rage nonnan inabi a watan Yuli, muna zubar da ɗanyu a ƙasa don sauran su yi ƙarfi, hankalina na kan takarda. Ranar da aka ba ni na isa tun kafin a buɗe, na tarar da layi. Na kai hoto 4, fasfo, da ainihin duk abin da na sa kwafinsa, na ƙara da sababbin takardun albashi, kuma su aka fara tambaya. Aka ɗauki zanen yatsuna, abin bai fi minti 15 ba bayan jiran awa 3. Bayan wata 2 saƙo ya shigo waya in zo in karɓa. Izinin shekara ɗaya ne tunda kwantiragina na wa'adi ne, kuma wani ɓangarensa ya riga ya tafi a jira.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda 'yan'uwa da yawa ba su ma san da shi ba: kuɗin rashin aiki na ma'aikatan gona, wanda hukumar fansho ta INPS ke biya sau ɗaya a shekara. Ana nema daga Janairu zuwa 31 ga Maris, na shekarar da ta wuce. In ranar ta wuce ya wuce. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne kwana 102 a rubuce cikin shekara 2, ga kuma shekara 2 da shiga rajista. Na nema a Fabrairun 2024 ta fatronato, da izinin zama, lambar haraji, lambar asusu da takardun albashi. Hukumar na fitar da jerin sunayen ma'aikatan gona na kowace ƙaramar hukuma a ƙarshen Maris, kowa da kwanakinsa. Na buɗe littafina na ƙirga kwanakin 2023, 158. Jerin ya ce 158. Na daɗe ina kallon lambar nan. Kuɗin, kashi 40 cikin 100 na albashin yini a kan kwanakin, bayan an cire wani ɗan kaso, ya shigo a watan Yuli.

Abokina ɗan Damagaram ma ya nema a shekarar. Ya bar inabi, amma bai rabu da dillalai ba. Damina 2 ya yi yana hawa tsani a gonakin tufa, a lissafinsa ya haura kwana 200. A jerin, shekarun 2 a haɗe, 71. Ya kira ni muryarsa na rawa. Ya ce, “Ɗan'uwa, to ina sauran suka tafi?” Ban iya ba shi amsar da za ta sanyaya masa rai ba. A shekarar 2024 ɗin jaridu suka cika da labarin kame dillalai a yankin Alba, mutane suna ta mamaki kamar sabon abu ne.

Ga mai shirin zuwa, abin da zan ce kaɗan ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba za a ba ka kwafinta a take ba, kuma kada ka shiga gona ba ka ga Unilav da sunanka ba. In busta paga ta zo, kafin ka duba kuɗi duba kwanaki, ka gwada da littafinka a ranar, don ƙorafi a kan kwanakin da suka ɓata yana da wa'adi gajere. Ka riƙa ɗaukar hoton allon gonar da aka kai ka. Kada ka ba kowa kuɗi don ya cika maka fom, fatronato na yi kyauta, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya sayar maka da kwantiragi, gudu za ka yi. Ba kowace koferatiba ce ta ɓarayi ba, na san masu biya daidai, amma in ka samu gidan da ke ɗauka da kansa, ko da kwanakin farko kaɗan ne, riƙe shi. Hanyar samunsa ita ce hawa tudu a watan Janairu ko Afrilu, lokacin aski da gyaran toho, ba a watan Satumba da kowa ke tasha ba. Wanda ya iya aski ba ya rasa aiki a tuddan nan.

Abokina yanzu yana wurin wani mai gonar tufa da ya ɗauke shi kai tsaye, ni na raka shi ofishin ƙungiyar ƙwadago kafin ya sa hannu, kuma ya sayi nasa littafin. Ni ina nan gidan Baba, an fara bar mini layin kuringa ni kaɗai lokacin aski. Inabin da na tsinka a Oktoban 2022, na gonar farar laka, doka ta sa masa 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar da zai iya fita kasuwa. Baba ya ce shi sai ya ɗanɗana ya ji ya sake tukuna, ko da zai ƙara masa shekara.